Tambaya Kafin Sallama

A Matosinhos, a bakin teku,
inda jiragen ruwa ke sauke sadin da asuba,
shekara tara ina riƙe da littafin ma'aikata.
Na san lambar kowa,
ban san abin da ke cin ran kowa ba.

Ranar da Amílcar ya ajiye safar hannunsa
na kira shi ofis, na buɗe takardar sallama,
na ce, “Me ya kore ka?”
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba,
ya ce, “Da a watan Maris kika tambaye ni,
da yanzu ina bakin injina.”
Na rubuta amsarsa layi bayan layi,
ihu bayan hari,
na tura a durowa.

Washegari na sauka ƙasa, inda ƙarni ya fi yawa,
na jawo akwatin gwangwani na zauna
kusa da Graciete mai yanke kan kifi,
shekara ashirin da uku,
wuƙarta ta fi harshena sauri.
Na ce, “Ba laifi kika yi ba, ba kuma kora ba ce.
Me ya riƙe ki a nan?
Me zai iya raba mu?”

Ta dube ni kamar na zo karɓar bashi.
Kifi goma suka wuce ta hannunta
kafin ta buɗe baki.

Ta ce, “Benvinda ce ta riƙe ni,
wadda ke gefena tun muna 'yammata,
ita ta kwana da ni a asibiti ran da mijina ya cika.
Sai kuma tagar can,
da nake hango ruwa in wuyana ya gaji.
Abin da zai raba mu kuwa, bas ɗin ƙarfe shida:
muna tashi shida da minti biyar,
kullum ina ganin bayansa,
jikata na jira a ƙofar makaranta cikin ruwan sama.”

Minti biyar!
Ni da na zo da lissafin ƙarin albashi a aljihu,
ina zaton kuɗi ne kaɗai ke ɗaure mutum.
Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Telmo ya ce a koya masa gyaran injin,
ya gaji da jiran makaniki yana naɗe da hannu.
Idalina ta ce ƙafar kujerarta ɗaya gajera ce,
shekara biyu tana tokare ta da kwali.
Fausto bai ce komai ba.
Ya tafi a watan Yuni duk da haka;
ba kowace ɓaraka allura ke kamawa ba.

Na matso da ƙararrawa baya da minti goma.
Kujera ta samu ƙafa.
Ƙarin hutun da suka roƙa, na ce ba ni da iko,
na faɗa musu gaskiya, ban yi alkawarin iska ba.

Jiya da yamma na hango Graciete ta taga,
tana hawa bas a natse, ba gudu, ba haki.
Da safe ta tsaya a ƙofar ofishina,
ƙamshin sabulu da gishiri na binta,
ta ce, “Ke fa?
Wa ya taɓa tambayarki me ya riƙe ki?”

Na buɗe baki.
Ta jawo kujera ta zauna.