Sawun Keken Shanu

Mun bar Omaha gari bai gama wayewa ba,
tanti a rufin mota, Wendell a sitiyari,
Orrin da Linnea a baya suna rigimar taga,
ni da taswira da gorar shayi a cinya.

Yini biyu ƙasa shimfiɗe kamar faifai,
kogin Platte na rarrafe a gefenmu,
ga faɗi, ba zurfi,
kamar hirar Wendell in ya kamo zancen kakanni.
Orrin ya ɗaga waya sama, ba sabis,
ya ɓata rai kamar an kai shi bangon duniya.

A Guernsey muka ga sawun.
Dutse ne, amma ƙafafun keken shanu sun ci shi
har ramin ya kai mini ƙirji.
Na shiga ciki, na shafa gefensa, da ɗumi.
Sannu ba ta hana zuwa,
ashe har cikin dutse takan sare hanya.

Da dare iska ta tumɓuke tanti,
turaku biyu suka ɓace cikin ciyawa.
Waken gwangwani ya kama a gindin tukunya,
muka ci haka nan, yashi na ƙara a haƙori.
Wendell ya ce, "Kakar kakata Hulda wata biyar ta yi a haka."
Linnea ta ce, "To, wa ya aike ta?"
Muka yi dariya har garwashi ya mutu,
mu huɗu muka kwana a mota, ƙafafu kan kaya.

Washegari sai dutsen sunaye,
kwance a fili kamar ƙaton kunkuru.
Masu wucewa sun bar sunansu da ƙusa, da bakin wuƙa.
Wendell ya hau, takarda a hannu,
yana neman Hulda tun hantsi har rana ta karkata.
Ya sami Hiram, ya sami wata Hester,
ya sami sunan da ruwan sama ya lashe rabinsa.
Ya sauko gwiwa a sanyaye, ƙeya ta yi ja.
"Ƙila ba ta iya rubutu ba," in ji shi.
"Ƙila hannu ɗaya na riƙe da jariri,
ɗayan na riƙe da igiya."

Can bayan shingen waya, wani ɗan kabari,
tsawonsa bai kai bargon Linnea ba.
Ba suna. Duwatsu ne kawai aka jera.
Orrin, da bai ce uffan ba tun Nebraska,
ya cire hula, ba wanda ya sa shi,
ya tsaya har inuwarsa ta juya.

Kusa da kogin Sweetwater taya ta fashe.
Wani dattijo ya tsaya da akori-kura,
Leland, ɗan ƙabilar Shoshone, kitso biyu fari fat.
Ya ara mana jak, ya tambayi inda muka dosa.
"Sawun kakanninmu muke bi," in ji Wendell.
Ya ɗaure noti na ƙarshe, ya goge hannu a wando.
"Nawa kakannin suna kan tudun can suna kallo
sa'ad da naku ke wucewa.
Shanu suka cinye ciyawa, naman daji ya yi nisa.
Ba kowane allo ke faɗin wannan ba."
Ya miƙa wa yara ruwan sanyi.
"Rana na da zafi. Ku sauka lafiya."

Mil talatin ba mai magana.
Sai Linnea: "Mama, mu ma mun bar sawu?"
Na duba madubi. Kwalta ce baƙa, ba ta riƙe komai.
Na ce, "Turaku biyu, can wani wuri cikin ciyawa."
Ta ce, "Wata rana wani zai tsinta,
ya ce na mutanen dā ne."
Wendell ya ninke takardar Hulda ya sa a aljihu,
ya rage gudu,
ko da yake ba kowa a gaba,
ba kowa a baya.