Tunanin Karkanda a Bakin Kogi

Karkanda ce ni, kowa ya ji.
Ba dorina ba, ba 'yar giwa ba,
ba kuma aladen da ya ci ya ƙoshi ba,
kamar yadda wata tsohuwa daga Kabala ta ce
ta finciki jikanta gefe.

Baba Kazah ne ya gina ni a lambun nan:
buhu tara na siminti, yashin kogi, rodi a ciki.
Bai taɓa ganin irina da ido ba.
Tsohon littafin firamare ya buɗe,
gara ta riga ta cinye ƙafar baya,
shi ya sa kuke ganina kamar mai shirin ɗingishi.
Ban riƙe shi a rai ba.
Mai fasaha in ya rasa sai ya ƙaga,
wanda aka ƙaga kuwa sai haƙuri.

Gari sukutum an ba kada sunansa.
Kada!
Mai yini baki buɗe kamar ƙofar gareji.
Ni mai ƙaho a kan hanci
ko lungu ba a raɗa wa sunana ba.
Ba komai.
Shi daga nesa ake nuna shi da yatsa,
ni kuwa rungumar wuyana ake yi.

An ce dangina ba sa hangen nesa.
Ni idanuna gindin kwalba ne, kore shar,
don haka ko rani ya toye ciyawa ƙurmus
damina nake gani.
Wa ya fi ni riba?

Ranar Sallah ba ni da hutu.
Kubura ta kama ƙahona da hannun lalle,
ƙannenta huɗu a gadon bayana,
Sallau mai hoto yana ta ihu, ku yi dariya!
Ni ma nakan yi,
shekara nawa ba wanda ya lura.
Kirsimeti ta zo, ga Ishaya da tabarau na roba
da agogon da ya tsaya tun a kanti,
ya ɗaura mini balan-balan a wutsiya.
Na auna 'yan Barnawa, na auna 'yan Tudun Wada,
nauyin ɗaya ne:
shinkafa ce fal a cikinsu duka.

Wata shekara fenti ya ragu a ofis,
aka zo aka shafe ni shuɗi.
Na yi wata biyar ina kama da ƙofar kemis
kafin ruwan Agusta ya ji tausayina.
Belbela ta sauka neman kaska,
ta duba kunne, ta duba wuya, ba ta samu ba,
ta bar mini farin sa hannu a ƙugu ta tashi.
Duk masu zanen da suka taɓa ni
ita kaɗai ce ba ta nemi yabo ba.

Da dare, in an rufe ƙofa,
kogi kan ba ni labarin inda ya fito da inda za shi.
Kullum sauri, kullum yana nan.
Ni ban taɓa ɗaga ƙafa ba,
amma duk garin ya zo ya same ni.

Bana wani abu ya faru.
Tsagar da ke haƙarƙarina ta hagu,
tsuntsu ya yar da ƙwayar ceɗiya a ciki,
ta fito da ganye uku.
Tanimu mai shara ya ce gobe zai cire,
wai in ta girma za ta raba ni biyu.
Gaskiyarsa ne.
Sai dai tunda Baba Kazah ya wanke hannu ya tafi
yau ne na fara jin wani abu yana motsi a cikina.

Na tambayi ƙadangaren da ke shan hantsi a ƙahona:
a cire ko a bari?
Ya gyaɗa kai.
Haka yake yi wa kowace magana.