Haƙoran Aro

Shekara arba'in da bakwai ke nan
da na kwanta cikin akwatin gawa a Brashob.
Kafinta ya ci kuɗin katako, ya gajarce shi,
sai da na naɗe ƙafa kamar ɗan tayi.
Ni ne mashayin jinin nan mai tsoron ɓera,
mai tashi tsakar dare da haƙora biyu,
ɗaya na faɗawa a kwanon miya
daidai lokacin da zan tsorata baƙo.
Mutane sun yi dariya har kujeru suka koka.

Jemagunmu na tsohuwar lema ne,
a ɗaura zare, yaro ya hau tsani yana lilo da su.
Jinin kuwa Zamfira ke dafawa a bayan ɗaki,
zuma da jan rini, ta ɗanɗana da yatsa.
Ranar da ƙudan zuma suka gano haɓata
na yi gudun da babu shi a rubuce,
alkyabba na tashi, ni ina ihu,
mai kyamara bai tsaya ba.
Wurin nan aka fi so a fim ɗin duka.

Bana sai ga waya. Wai Ilinca ce,
yarinyar da kwat ɗina ya girme ta.
Za su sāke shi, in ji ta, sabo fil,
ko zan zo in zama mai gadin ƙofa?
Magana ɗaya tak suka ba ni:
"Kada ku hau dutsen nan bayan magariba."

Na je. Babu dutse, babu gidan sarauta,
koren ƙyalle kawai daga sama har ƙasa.
Sabon dodon, Silviu, yaro mai ladabi,
an ɗiga masa farar tawada a leɓe,
wai kwamfuta za ta dasa haƙoran daga baya.
A labarinsu ta waya yake sayen jini,
ɗan babur ya kawo masa har bakin kabari,
yana mitar an kawo da sanyi.
Na yi dariya, ba zan yi ƙarya ba.
Amma na nemi warin zuma, ban ji ba.
Zamfira ta yi shekara tara a ƙasa,
ita ba ta tashi da dare.

A da, gilashin madubi suke cirewa
don kada fuskata ta fito a ciki.
Yau madubin ɗakin kwalliya bai rage min komai ba:
ga furfura, ga wuya kamar na talotalo.
Wancan na cikin fim yana nan da ƙuruciyarsa,
shi ya shanye ni, sai yanzu na gane.

Da aka tashi cin abinci, Silviu ya matso,
ya ce, "Baba Horia, yaya ake faɗin haƙori
mutane su yarda ba da gangan ba ne?"
Na zaro gwangwanin taba daga aljihu.
Suna ciki, sun yi rawaya,
ni ba ni da inda zan maƙala su kuma.
Ya wanke da ruwan zafi, ya saka.

Fitila ta kama. Ya buɗe baki zai yi gurnani,
na hagu ya sulale, tsulum, cikin miya.
Mai riƙe da sandar sauti ya durƙusa don dariya,
Ilinca ta toshe baki da takarda,
ta manta ta ce a tsaya.

Na koma gida a motar ƙarfe bakwai,
gwangwani wayam a aljihu yana ƙara.
Na tuƙa tuwon masara, na daka tafarnuwa da yawa,
tunda yanzu babu mai hana ni ci.