Shafi na Goma Sha Bakwai

Fanka ta tsaya tun la'asar.
Zufa ta gangaro daga haɓata
ta ɗiga a kuncin Luba,
Lubar da ban gama zanawa ba.
Tawada ta baje, ga ta tana kuka
a gurbin da na shirya mata dariya.

Manga nake yi, labari cikin zane:
ɗalibai huɗu, aji ɗaya, fensir duk ya zama guntu.
Ban yi nisa wajen nemo su ba,
mu ne, suna kawai na sauya mana.

Ran Talata aka kafa shafuka a bango.
Malam Tambari ya zo, hannu a baya,
yana dubawa kamar mai taya rago a Kara.
"Idon wa ke nan, Jabbi?
Ka taɓa ganin ɗiyar Sakkwato da ido kamar faifai?
Zanen aro ba ya rufe katara."
Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi,
don kada a ga inda ta soke ni.

Hajo ta yaga nata a bayan ɗakin karatu,
ta ce gobe za ta koma sashen lissafi.
Gobe ta yi, sai ga ta da salatif.
Ladan ya goge hanci ɗaya sau talatin
har takarda ta huje,
ya leƙo ni ta ramin, bai ce komai ba.

A Mabera, Inna tana gaya wa maƙwabta
wai taswirar gidaje nake koyo.
Kawu kuwa, kullum ya ci tuwo ya ƙoshi
sai ya tambaya ko zane yana biyan haya.

Daren jiya na fito tsakar gida da fitilar waya.
Baba ya dawo daga rumfar dukanci,
yatsunsa jawur da karan dafi.
Bai taɓa tambaya ta abin da nake yi ba.
Ya ɗauki shafin ta gefe-gefe,
yadda yake ɗaukar fatar da ba ta bushe ba.

Na jira maganar ido.

Ya daɗe. Sauro ya ci ni, ban motsa ba.
"Wanga hannu nata," ya ce,
"ba ta riƙe alƙalamin ba, tsoro nai ta kai.
Matso da babban yatsa."
Ya ajiye, ya nemi buta.

A kusurwar shafin ya bar tambarin yatsa, ja.
Malam zai ce ƙazanta ce, zai rage maki.

Asuba ta same ni a kan yatsan Luba.
Sau shida na matso da shi.
Idon yana nan yadda yake,
hawayen ma ban goge ba.