Sati Uku a Bukuru

Mu huɗu muka tafa a Damagaram
kan cewa bana a tsaunukan Jos za mu ci sanyi.
Abarshi matarsa ta haihu,
Lawali ya ce sefa ta yi masa gardama,
Tsahiru bai ce komai ba, wayarsa ce ta daina shiga.
Na kwance tayoyin kekena, na sa shi a kwalin firji,
na biya masa kuɗin kujera kamar mutum,
muka kama hanya.

Sanyin gida fata yake cizo.
Na nan bai tsaya gaisawa da fata ba,
ƙashi ya nufa.
Na taɓa ruwan alwala, na janye hannu,
na waiga ko wani ya gani,
na ji kunya.

Ɗakina na bayan gidan Mama Kangyang:
katifa, ƙusa ɗaya a bango,
taga mai tsaga da aka toshe da jarida.
Ta ce wa ya aiko ni, nawa ake biyana?
Na ce babu.
Ta dubi fuskata, ta dubi ƙwaurina,
ta ƙara mini ludayin gwaten acca
tana dariya.

Ƙarfe shida nake fita, yatsu sun ƙage a kan burki.
Kuru, Vom, in yanke ta Heipang,
shingen ƙyarana, gonakin dankali,
tsofaffin ramukan kuza cike da koren ruwa.
Ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma,
nan kuwa kowace kwana da tudun da ta ɓoye,
iskar ma ba ta cika ƙirji.
A ayari na gaba ke sare iska,
in ya gaji ya zame, wani ya karɓa.
Sau uku na kaɗa gwiwar hannu, alamar a karɓe ni,
kafin in tuna ba kowa a baya.

Kusa da Riyom taya ta yi faci.
Yatsuna suka ƙi ɓare roba,
sai Dalyop mai faci ya bar wutar da yake ji,
ya gyara, ya ɗaga keken da yatsa biyu.
Ya ce buhu nawa yake ɗauka?
Na ce ni kaɗai.
Ya ce to an cuce ka.
Ya ƙi karɓar kuɗi, ya dai roƙi zagaye ɗaya,
ya dawo idonsa na hawayen iska,
ya ce wannan ba keke ba ne, kibiya.

Rana ta goma sha tara na gangara Hawan Kibo
don kawai in hawo shi.
A kwana ta uku giya ta ƙare, cinya ta ɗau wuta,
numfashina na fita kamar zugazugi.
Tirela ta iso tana nishi, ba ta fi ni sauri ba,
yaron mota ya leƙo, ya nuna ƙarfen gefe:
"Kama, maigida, kama!"
Ba alƙali, ba Abarshi, ba mai faɗa a gida.
Na kama.
Na ƙirga ɗaya zuwa goma sha biyu, daɗi har wuya,
sannan na saki.
Sauran tudun ni da shi muka ƙarasa
da zagi, da salati, da gajiya.

Da dare na buɗe littafin da nake rubuta tafiyata.
Kilomita ɗari da tara.
Na daɗe riƙe da biro, hannu cikin safa,
keke na jingine, sarƙarsa na ɗigar baƙin mai a jarida.
Na ƙara a ƙasa: ban da daƙiƙa goma sha biyu.
Mama Kangyang ta ƙwanƙwasa da tukunyar ruwan zafi,
ta ce gobe ma?
Na ce gobe ma, in an kwana lafiya.