Shafi na Goma Sha Tara

Ni ce mai riƙe da littafin ƙungiya,
Tohura, 'yar bakin gaɓa a Satkhira.
Rubutuna karkatacce ne, amma ba ya ƙarya.
A shafin farko na sa: tafkinmu ya yi gishiri.
A na biyu: ya ƙara.
An ce ruwa ba ya tsami banza,
to namu wa ya taɓa shi?

Mu tara ne a lokacin, da waya ɗaya
mai tsagaggen gilashi,
da kwalaben man gashi da muka wanke
muna ɗiban ruwa, muna liƙa musu sunan ƙauye da kwanan wata.
Shinkafa ta ƙone a tsaye, ba wuta.
Akuyar Moyna ta sha, ta kumbura, ta mutu ran Laraba.
Sau huɗu muka kai kuka ofishin gunduma,
sau huɗu aka ba mu shayi.

Sai ga Nirmal Gayen, masunci mai wushirya,
ya ɗaure kwalekwale ya ce su ma suna da littafi,
nasu na kifin da ya daina zuwa.
Ya san wata malama a Khulna
da ɗalibanta ke auna madatsa bayan kowace guguwa.
Malamar ta san lauya.
Lauyan ya san mutanen tsibiran yashi can arewa
da kogi ke ci musu gona kamar ɓera da buhu.
Haka aka yi ta ƙulla mu, zare kan zare,
kamar komar Nirmal, wadda rabinta faci ne
amma tana kamu.

Kada ku zaci nan take muka zama 'yan uwa.
Taron farko ya tashi baram-baram
kan sunan wa zai hau saman takarda.
'Yan birni na magana da kalmomi masu takalmi,
mu muna zaune, ƙafa duk laka.
Jharna ta miƙe ta ce:
in ba za ku fassara ba, ku sallame mu,
ruwa zai janye ƙarfe uku, kwalekwale ba ya jira.
Aka fassara.

Wata bakwai muna gardama ta waya.
Duk daren Juma'a na hau kan madatsa,
nan kaɗai layi ke kamawa,
sauro na cin idon sawuna,
ina karanto lambobi ga wata yarinya da ban taɓa gani ba,
tana zuba su a kwamfuta tana cewa,
maimaita, inna, iska ta ɗauke.

Daka, tafiyar dare guda a bas.
Daftarin shafi tamanin ne, takarda mai santsi.
A shafi na goma sha tara aka rubuta:
ana iya tuntuɓar mazauna gaɓa
kafin a kashe kuɗin madatsa.
Ana iya!
Kamar yadda ana iya yin ruwa gobe.
Abin da ya kawo mu bai fi ƙwayar shinkafa ba:
a goge ana iya, a sa dole ne.

Muka jera kwalabe arba'in da ɗaya a kan tebur mai ƙyalli.
Jami'in bai buɗe ko ɗaya ba.
Ya dai bi sunayen, leɓensa na motsi,
ya tsaya a kan wata, ya daɗe.
Ban tambaye shi wa yake da shi a can ba.

Ba wanda ya yi tafi. Aka ce za a duba.
Damina ta zo ta wuce da rufin makaranta.
Sannan lauya ya kira, murya na yankewa:
sun sa do... sun sa...
Na hau madatsa da gudu, zani a hannu,
na ce maimaita.

Tafkin yana nan da gishirinsa.
Moyna ba ta sake sayen akuya ba.
Jiya dai wasu mata uku daga ƙetaren kogi
sun zo da kwalabe, suna kunyar tambaya
da me ake liƙa sunan don kada ya jiƙe.
Na nuna musu. Na buɗe sabon shafi,
na fara da lambar wayarsu.