Tarin Inji a Ikoyi

Sau tara na fizgi igiya,
sau tara ya yi mini tari.
A na goma ya tashi
yana haki kamar tsohon da ya hau bene,
ya ɗaga murya, ya sauke, ya sake ɗagawa,
sannan ya mutu a gindin kwakwa,
ya bar mini fili da rabin aski.

Madam Adunni ta leƙo ta taga:
"Tanimu, ina da baƙi ran Asabar."
Na ce to, Ma.
Ciyawar Legas ba ta san Asabar ba.
Ruwa ya sauka daren jiya,
kafin ka waiga ta wuce idon sawu.

Na kwance fulogi, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
na kankare, na hura.
Na wanke soson iska,
na shanya a katanga kusa da rigata.
Baƙin mai yana nan daidai layinsa.
Na sake ja.
Tarin nan dai, ko murya bai canza ba.

Kunle direba ya kama mini, muka cusa shi a but,
sai Obalande, wajen Sallau mai gyaran janareta,
can ƙarƙashin gada inda hayaƙi ya kama haya.
Bai taɓa sufana ba.
Ya buɗe tanki ya sansana,
ya tsiyaye man a kwalbar lemo,
ya ajiye a benci, ya ce mu sha shayi.

Kafin shayi ya huce kwalba ta rabu biyu:
sama ruwan zuma,
ƙasa wani abu fari-fari, faɗin yatsa,
ya kwanta abinsa.

"Yaushe ka zuba wannan?"
Na ce tun kafin azumi.
Ya yi dariya har haƙorin Makka ya leƙo.
"Akwai man da ake gaurayawa da itanol.
Barasa ce, ta rogo ko ta rake,
kuma ƙishirwa gare ta.
Damshin iska take zuƙa,
ga ka da teku a bayan katanga.
In ta ƙoshi sai ta saki mai ta koma ƙasa,
inji kuwa daga ƙasa yake sha."

Na ce ashe shekara uku mashayi nake turawa,
ni da alwalata.

Mai faci daga gefe ya ce ba wata barasa,
'yan bumburutu ne ke yi wa jarka ƙari.
Sallau ya ce ko ma wane ne,
ruwa dai sunansa ruwa.
Suka ja musu, ni ina kallon agogo.

Ya buɗe kafireta.
Ɗan kofin ƙasa ya yi kore,
yauƙi kamar kuɓewar da ta kwana.
Ramin da mai ke bi bai kai kafar allura ba;
ya zare silin waya ya tsokane,
ya ɗaga sama har ya hango haske.
Tiyon mai kuwa ya ruɓe ta ciki,
yana barin baƙi a yatsa.
Ya yanko sabo.

"Sayi kaɗan, wanda ba zai wuce wata ba.
Toshe bakin jarka.
In za ka ajiye shi, rufe mai,
bar shi ya shanye na cikinsa ya yi shiru da kansa."

Juma'a bayan masallaci, ja ɗaya.
Murya guda, miƙaƙƙiya, har ƙarshen katanga.
Ƙamshin ɗanyar ciyawa ya taso,
irin wanda ke manne wa lauje
lokacin da nake yi wa ragon Baba yanka a Ƙaura.
A can, wasa dutse ne kawai gyaran.

Kwalbar tana tagar ɗakina har yau,
layin bai motsa ba.
Madam ta tambaya me ya same shi.
Na ce sanyi ne ya kama shi, Ma.